Diwali: Yadda Daren Fitilu Ya Samo Asali A Indiya

Duk mai kallon finafinan Indiya ya san daren nan: ƙananan fitilun yumɓu jere a bakin ƙofa da kan katanga, mata sun ci ado, ana ta rabon kayan zaƙi. Diwali ke nan, bikin kwana biyar da ke faɗowa a watan Kartika na kalandar Hindu, tsakanin Oktoba da Nuwamba. Babban darensa shi ne na uku, daren da wata ya ɓuya, duhu ya kai matuƙa.

Ka tambayi mutumin arewacin Indiya dalilin bikin, zai ce maka Rama. Kishiyar uwarsa ce ta sa aka kore shi daji shekara 14. Yana can Ravana, sarkin Lanka mai kai goma, ya sace masa mata, Sita. Rama ya yaƙe shi da taimakon ƙanensa Lakshmana da rundunar birai, ya kashe shi, ranar da ya dawo garinsu Ayodhya kuwa aka tarbe shi da fitilu. A kudu Krishna ake tunawa, wanda ya halaka azzalumi Narakasura. A Bengal allahiya Kali ake wa bauta. Kowane yanki da mugun da aka kayar masa.

Sai dai tsofaffin rubuce-rubuce ba su tsaya kan labari ɗaya ba. Malamin nan Musulmi, Al-Biruni, ya bayyana bikin a littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030. Ya ce mutane kan yi wanka, su sa tufafi masu kyau, su yi wa juna kyautar ganyen betel da ƙwayar areka, abin taunawarsu kamar goro a wajenmu, da dare kuma a kunna fitilu ko'ina. Dalilin da aka ba shi shi ne allahiya Lakshmi kan saki sarki Bali daga ƙarƙashin ƙasa sau ɗaya a shekara. Bai ambaci Rama ba sam.

Shi ya sa na fi gamsuwa da ra'ayin masanan da ke ganin bikin kaka ne tun asali, labaran jarumai kuma sun hau kansa ne a hankali. Damina ta ɗauke, amfani ya shigo gida, manomi ya sami abin biyan bashi. Lakshmi kuwa allahiyar arziki ce, ita ake share wa gida, a haska mata hanyar shiga. Har yau 'yan kasuwar Gujarat a lokacin suke buɗe sabon littafin lissafi, kasuwar hannayen jari ta Mumbai ma kan yi cinikin awa ɗaya don neman sa'a.

Wasu addinan ma sun shigo da nasu tarihin. Mabiya Jain suna tuna rasuwar jagoransu Mahavira, Sikh kuma suna tuna fitowar jagoransu Guru Hargobind daga kurkukun Gwalior tare da sarakuna 52, zamanin sarki Jahangir. Daga baya 'yan ƙwadagon da Turawan Ingila suka kwasa a ƙarni na 19 zuwa gonakin rake suka tafi da bikin Mauritius, Fiji, Guyana da Trinidad, inda yanzu ranar hutu ce ta ƙasa.