Daga Hatimin Fadar Sakkwato zuwa Hatimin Imel

A ƙarni na 19, Wazirin Sakkwato ne ke kula da wasiƙun da ke kai-komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan daula. Hatimin da ke bisa takarda shi ne shaidar wanda ya aiko ta. Da Turawa suka ci birnin a 1903, sun tarar da tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari.

Imel kuwa ya zo ba hatimi. Ƙa'idar SMTP ta 1982 ba ta binciken mai aikawa, don haka 'yan damfara suka riƙa aron sunayen bankuna da kamfanoni. Daga baya aka fito da SPF, mai bayyana na'urorin da aka yarje wa aika saƙo da sunan kamfani, da DKIM, mai sanya sa hannun sirri, sannan DMARC a 2012, mai faɗin hukuncin saƙon da ya kasa tabbatuwa.

Tun Fabrairun 2024, Gmail ya wajabta ukun ga duk mai aika masa saƙonni sama da 5,000 a rana. Kamfanin Sakkwato da ya yi sakaci da wannan, tallarsa na iya faɗawa kwandon shara ko a dawo masa da ita, komai gaskiyarsa.