Rajistar injinan ƙona mai da taƙaita hayaƙinsu: abin da ya kamata mu sani a Madarunfa

 Duk unguwar da aka kafa gurup ko injin niƙa, ba a rasa maƙwabcin da ke kuka da hayaƙi. Mai inji yana neman abincinsa, maƙwabci kuma yana neman lafiyar ƴaƴansa, kuma kowa da gaskiyarsa. Shi ya sa muka tattaro muku bayani a kan yadda ake rajistar waɗannan injina, da iyakar hayaƙin da ake ɗora musu, a nan Nijar da kuma waje.

Wane inji ake ce ma matsakaici?

Ana nufin duk wata na'ura da ke ƙona gazuwal, baƙin mai, gaz, gawayin ƙasa ko itace don ta ba da wutar lantarki, zafi ko tururi. Ana auna girmanta da yawan makamashin da take ci, da ma'aunin megawat. A dokar Tarayyar Turai, matsakaici shi ne wanda ya kama daga megawat 1 bai kai 50 ba.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Inji mai megawat 1 yana shan kusan lita 100 na gazuwal a awa guda, wato tano ɗaya mai lita 200 cikin awa biyu. Injin niƙa mai ƙarfin doki 10 bai wuce lita 2 zuwa 3 a awa, sai an tara kamar 40 kafin su kai megawat ɗaya. Ke nan injinan niƙanmu da na ban ruwa ƙanana ne. Tashar Gorou Banda ta Yamai, wadda aka buɗe a 2017 da megawat 80 na wuta, da tashar SONICHAR ta Anu Araren mai ƙona gawayin ƙasa, su kuma manya ne. Matsakaita suna tsakani: manyan gurup na masana'antu, na manyan asibitoci da otel, tukunyar tururi ta kamfani, da ƙananan tashoshin wuta na garuruwan da babban layi bai kai ba.

Me ya sa maganar ta shafe mu?

Wutar jihar Maraɗi tana shigowa ne daga Najeriya, ta layin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar a farkon watan Agusta, ba ta maido ba sai a watan Maris 2024. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa. Kowa ya ga abin da ya biyo baya: NIGELEC ta koma kan injinanta na mai, masu shaguna, masu walda da masu ƙanƙara suka ruga sayen gurup. Da yawan waɗannan injina suna nan har yau, da wuta ta ɗauke sai ka ji sun tashi lokaci guda.

Abin da ke cikin hayaƙin

Abu huɗu ne masana suka fi sa ma ido.

Na farko, ƙura mai laushi da ake kira PM2,5. Ido ba ya ganinta, amma tana ratsawa har ƙasan huhu, ta shiga jini. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a ƙa'idarta ta 2021 kada matsakaicinta a shekara ya wuce mikrogram 5 a kowace mita kubik ta iska.

Na biyu, iskar farar wuta, SO2. Daga farar wutar da ke cikin man take fitowa. In man ya yi datti, ita ma sai ta yi yawa.

Na uku, iskar NOx, wadda zafin cikin inji ke haifarwa. Tana tayar da fuka, tana sa tari da shaƙewar ƙirji.

Na huɗu, iskar CO. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ita ce ke kashe iyali a cikin barci in an kunna gurup a ɗaki ko a zaure rufe.

A shekarar 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta OMS ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta huhu. OMS ta kuma ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana kashe mutum kusan miliyan 7 a duniya kowace shekara. A wajenmu lokacin hunturu ya fi muni, don hayaƙin yana haɗuwa da hazo da hayaƙin murhu. Jarirai, tsofaffi, mata masu ciki da masu fuka su suka fi jin jiki.

Yadda Turai ta tsara abin

Tarayyar Turai ta yi dokarta mai lamba 2015/2193 a ranar 25 ga Nuwamba 2015, bayan an ƙiyasta akwai irin waɗannan injina kusan 143.000 a ƙasashenta. Ginshiƙin dokar shi ne rajista: ba a kunna inji sai da izini ko an rubuta shi a kundin hukuma. Mai shi zai faɗi girmansa, irin man da yake ƙonawa, ranar da ya fara aiki, awa nawa yake yi a shekara, da inda yake. Kundin a buɗe yake, kowa na iya dubawa.

Ba a matsa ma kowa a rana ɗaya ba. Sababbin injina sun shiga ƙarƙashin dokar daga 20 ga Disamba 2018. Tsofaffi masu fiye da megawat 5 an ba su zuwa 1 ga Janairu 2024 su yi rajista, zuwa 2025 su cika iyakar hayaƙi. Masu megawat 1 zuwa 5 suna da har 2029 don rajista, 2030 don iyakar hayaƙi. Iyakar ta shafi SO2, NOx da ƙura, ita kuma CO ana auna ta. Inji mai megawat 1 zuwa 20 ana auna hayaƙinsa duk shekara uku, wanda ya fi haka duk shekara, a ajiye takardun awon shekara shida. Injin ko-ta-kwana da bai wuce awa 500 a shekara ba, ƙasa na iya yi masa sassauci, amma rajista dole ce.

Abin da dokokin Nijar suka tanada

Ƙasarmu ta bi ta wata hanya, tana duba haɗarin wurin sana'ar gaba ɗaya. Doka mai lamba 66-33 ta 24 ga Mayu 1966 ta kasa wuraren sana'a masu haɗari, masu cutar da lafiya ko masu damun maƙwabta gida uku. Aji na ɗaya da na biyu ba a buɗe su sai da izinin hukuma, kuma na ɗaya dole ya yi nesa da gidajen mutane. Aji na uku sanarwa ake kai ma hukuma a rubuce. Kun ga ke nan maganar rajista ba baƙuwa ba ce a wajenmu.

Sai doka 98-56 ta 29 ga Disamba 1998, uwar dokokin muhalli, wadda ta ce kowa yana da haƙƙin zama a muhalli mai tsabta, ta kuma hana sakin hayaƙin da zai cutar da lafiyar jama'a. Daga baya doka 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, tare da jin ta bakin mutanen wurin. Hukumar BNEE ce ke duba waɗannan takardu. To, duk ranar da aka ce za a kafa tashar wuta ko masana'anta kusa da ƙauyenku, kuna da damar a kira ku a ji ra'ayinku, ba alfarma ba ce.

Man da ake zubawa

Ko inji sabo ne, in mansa ya yi datti hayaƙinsa zai yi datti. A Turai farar wutar da ke cikin gazuwal ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoton da ya nuna wani gazuwal da ake sayarwa a Afirka ya ninka wannan iyaka har sau 378. A watan Fabrairu 2020, a Wagadugu, ministocin CEDEAO suka amince da kashi 50 cikin miliyan, lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar. Mu da ke bakin iyaka mun san man kwalba, ruwa-ruwa, ba mai auna shi. Arharsa takan ƙare a wajen bakanike.

Abin da kowa zai iya yi

Mai babban inji ya je meri da ofishin muhalli na gunduma kafin ya kafa, ya tambayi ajin da sana'arsa ta faɗa. Ya ɗaga bututun hayaƙi ya wuce rufin gidajen da ke kewaye, kada ya fuskanci tagar kowa. Ya riƙa canza baƙin mai da matata a kan lokaci, ya rubuta awannin aiki a littafi. Baƙin hayaƙi alama ce man bai ƙone daidai ba, wato kuɗinsa ne ke tashi sama.

Mai ƙaramin gurup ya ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. In mutanen gida suka fara ciwon kai, jiri da amai lokaci guda alhali inji na aiki, a kashe shi, a fitar da kowa waje, a garzaya likita.

Ku kuma ƴan uwa da ke aiko da kuɗi ko inji daga waje, ku tambayi shekarar da aka ƙera shi da awannin da ya yi. Yayin da wa'adin 2030 ke matsowa a Turai, ku yi hattara kada injin da aka kora can saboda hayaƙi ya zo ya zauna a tsakar gidanku. In kuɗin sun isa, ku duba sola, musamman don ban ruwa a gefen tafki da gulbi. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018, ranar da ke ba ta wuta ita ce ke dukan rufinmu.

Maƙwabcin da hayaƙi ya dama ya fara da magana ta lumana, sannan mai unguwa ko hakimi, sannan meri.

Ga hukumomin ƙananan hukumominmu shida, shawararmu ɗaya ce: a buɗe kundi, a rubuta kowane babban gurup, injin niƙa da gidan burodi, da wurinsa da irin mansa. Littafi da biro kawai aikin ke buƙata. Da shi za a san waɗanda ke jikin makaranta da gidan likita, a fara gyara da su, a ba sauran lokaci su kintsa ba tare da an toshe ma kowa hanyar abinci ba.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana, za mu karanta a shirinmu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.