Daga Zaure Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Hira da Raha a Zangunan Akara

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa hirar da matasan Nima da Mamobi suke yi a wayoyinsu zai tarar da magana iri-iri a cakuɗe: farashin sabuwar waya, wanda ya sha kashi a wasan ƙwallon kwamfuta, gardama a kan husufi, da tsokanar 'yan wata jam'iyya. Mai kallo daga nesa yana iya ɗaukar wannan a matsayin surutun banza da intanet ta kawo. Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nuna cewa hirar tana da asali, domin ta gaji wata tsohuwar al'ada ta zango, wato amfani da raha wajen yaɗa labari da kuma faɗin maganar da ke da haɗari idan aka faɗe ta kai tsaye. Za a bi wannan al'ada daga zaure zuwa gindin rediyo, daga nan zuwa shagon intanet, sannan wayar hannu, a ga abin da ta riƙe da abin da ta rasa a hanya.

2.0 Zango, Matattarar Labari

Ma'anar zango ta asali ita ce wurin da ayari yake yada kaya ya kwana. Fataken goro daga Kano da Katsina da Sakkwato sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga, kuma a kowane zango akwai maigida mai saukar baƙi, wanda zaurensa ne wurin jin farashi da halin hanya da labarin gida. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, 'yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da garuruwan bakin teku. A cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Karachi a 1934. Ya yi waƙa a kan zuwan Nasara, ya kuma yi wata a kan annobar mura ta 1918. Ke nan tun a wancan zamani mutanen zango suna tanka abin da ke faruwa a duniya.

A Akara, wadda fatake suke kira Ankara, Hausawa sun ƙaru bayan yaƙin Turawan Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874, lokacin da Kyaftin Glover ya kawo sojojin Hausa daga Ikko. Malam Baƙo, wanda mahaifinsa malami ne Bakatsine, ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910. Nima kuwa ta faro ne a farkon shekarun 1930, sa'ad da wani Bafillace, Malam Amadu Futa, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao na ƙabilar Ga. Unguwar ta cika bayan Yaƙin Duniya na Biyu da tsofaffin sojoji da leburori, har ta malala zuwa Mamobi.

Abin lura a nan shi ne, yawancin mazauna Nima ba Hausawa ba ne a asali. Akwai Zabarmawa da Fulani da Mosi da Dagomba da Kotokoli da Wangara da Yarbawa da sauransu, Hausa ce kawai ta haɗa su. Mutane iri-iri haka a wuri mai cunkoso suna buƙatar hanyar rage zafin zama, kuma kusan kowace ƙabila ta zo da nata wasan barkwanci. Kamar yadda Bakano yake tsokanar Bazazzagi, Bafillace yake tsokanar Babarbare, Bagobiri yake tsokanar Bayarabe, haka Farafara da Dagaba na arewacin Gana suke tsokanar juna. Ƙa'idar wasan ɗaya ce: abokin wasa yana faɗa maka magana mai ɗaci, kai kuma ba ka da ikon yin fushi.

3.0 Zamanin Rediyo da Taka-tsantsan

Na'ura ta farko da ta shiga wannan hira ita ce rediyo. An buɗe tashar ZOY a Akara a 1935, aka kuma shigar da Hausa cikin harsunan watsa labarai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Gana ta sami mulkin kai ran 6 ga Maris 1957, mako guda bayan haka, wato ran 13 ga Maris, sashen Hausa na BBC ya fara aiki. Daga baya Muryar Jamus da Muryar Amurka suka biyo. Rediyo guda takan tara mutum goma a ƙofar gida ko teburin mai shayi. Idan an gama labarai sai a buɗe sharhi, wanda galibi ya fi labaran tsawo.

Sai dai siyasa a wannan zamani abin tsoro ce ga ɗan zango. Jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta yi ƙarfi a zangunan Akara da Kumasi a shekarun 1950, ta yi adawa da Kwame Nkrumah. A 1957 gwamnati ta kori shugabannin zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Nijeriya, aka kuma yi dokar da ta haramta jam'iyyun addini da na ƙabila. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin mako biyu su bar ƙasa. Dubban ɗaruruwa suka fita, cikinsu har da waɗanda aka haifa a Gana. Mulkin soja na PNDC ƙarƙashin Rawlings, daga ƙarshen 1981 zuwa farkon 1993, shi ma ya yi suna da rufe baki.

Wanda ake iya ce masa baƙo a kowane lokaci dole ya iya bakinsa. Saboda haka maganar siyasa ta koma cikin habaici da zambo da laƙabi. A faɗi magana a yi dariya. Wanda ya gane ya gane, idan kuma ta fita waje a ce ai wasa ake yi. Wannan shi ne babban aikin raha a tarihin zango.

4.0 Bes da Shagon Intanet

Zauren maigida na dattawa ne. Matasa sun ƙirƙiro nasu wurin zama da suke kira bes, kalmar da aka aro daga Ingilishi. Bes benci ne ko rumfa a bakin lungu, mai suna da sanannun 'ya'ya, inda ake dafa ataya, a buga ludo ko karta, a yi gardamar ƙwallo da siyasa har dare. Ya yi daidai da majalisa a Kano da fada a Zinder da Maraɗi. Sau da yawa akan raɗa wa bes sunan wani birni na Amurka ko Turai, abin da ke nuna inda hankalin matasan ya karkata.

Tsarin mulkin 1992 ya sassauta takunkumin magana. Gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara aiki, kamar Joy FM a 1995, aka kuma soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna a 2001. A 1995 ɗin ne kamfanin NCS na Dokta Nii Quaynor ya haɗa Gana da intanet, ya zama tana cikin ƙasashen farko a Afirka ta Yamma. A 2001 aka buɗe babban shagon BusyInternet a Akara, ƙananan shaguna kuma suka bazu cikin unguwanni, inda mutum yake biyan kuɗin awa ɗaya ko rabin awa.

Jenna Burrell, wata mai nazarin zamantakewa daga Amurka, ta yi bincike a irin waɗannan shaguna tun daga 2004, har da na Mamobi, ta fitar da littafi mai suna Invisible Users a 2012. Ta nuna cewa matasa da yawa suna shiga ne don neman abokan hira a ƙasashen waje ta Yahoo, kuma sanin da suke da shi game da intanet yana yawo ne ta baki, cikin labaran wane da aka ce ya yi arziki ta kwamfuta. Wato shagon bai kashe bes ba. Abin da aka gani a allo shi ake kawowa benci a tattauna.

A wannan zamani ne kuma kalmar sakawa ta shahara a faɗin Gana, musamman wajen 2008 zuwa 2009, da ma'anar damfara ta intanet wadda ake cewa ana haɗa ta da tsafi. Bayanin da aka fi yi shi ne daga aikatau na Hausa saka ta fito. Kalmar ta shiga jaridu da finafinai, ta kuma ja wa matasan zango baƙin jini, alhali masu laifin sun fito daga kowace unguwa da kowane addini.

5.0 Hira a Wayar Hannu

Wayar hannu ta shigo Gana a 1992, amma sai a shekarun 2010, da wayoyi masu araha irin su Tecno suka yawaita, hirar ta koma Facebook da WhatsApp. Bes ya sami reshe a waya, kuma ɗan Nima da ke Hambug ko Niyok ko Jidda ya ci gaba da zama ɗan bes ɗinsu. Abubuwa huɗu suka fi yawa a hirar.

Na farko fasaha, wadda a zango magana ce ta aljihu. MTN ta fara hada-hadar kuɗi ta waya a 2009. Da gwamnati ta sa harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi a Mayu 2022, sai ya zama abin ba'a a ko'ina, har aka soke shi a 2025. Haka matsalar ɗauke wuta ta 2012 zuwa 2016, wadda aka raɗa wa suna dumso daga harshen Tuwi, wato kashe-kunna.

Na biyu wasa. Shagunan PlayStation sun zauna a gefen ludo da karta, kuma wasan ƙwallo na FIFA ya ƙara armashi da Mohammed Kudus, ɗan Nima, ya tafi Ajax a 2020, West Ham a 2023, Tottenham a 2025. Yaron unguwa yana iya zaɓar ɗan unguwarsu a allo.

Na uku kimiyya, wadda takan shigo ta ƙofar addini. Husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe Akara da duhu da safe, da gardamar ganin wata da lissafi a kowane azumi, da rigakafin korona a 2021, duk sun haɗa ɗan boko da ɗan makarantar allo a benci ɗaya.

Na huɗu siyasa. Mazaɓar Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, ta daɗe a hannun NDC, kuma tunawa da korar 1969 na cikin dalilan da ake bayarwa. NPP ta yi ƙoƙarin gyara wannan da mataimakan shugaban ƙasa Musulmi, Aliu Mahama daga 2001 zuwa 2009 da Mahamudu Bawumia daga 2017 zuwa 2025, da kuma Asusun Raya Zango na 2017. A bes ɗaya akan sami 'yan jam'iyyun biyu, suna shan ataya a kofi ɗaya suna yi wa juna dariya.

Har ila yau waya ta haifar da sabon abokin wasa, wato ɗan Nijeriya. Korar 1969 da ramuwar da Nijeriya ta yi a 1983 sun bar tabo, amma yau ana taɓa tabon ta gardamar dafa-duka da ƙwallo, kamar lokacin da Gana ta hana Nijeriya zuwa gasar kofin duniya a Abuja cikin Maris 2022.

6.0 Harshen Hirar

Ga ɗalibin harshe, wannan hira taska ce. Hausar Gana, wadda masana suke kira Gananci, ta bambanta da daidaitacciyar Hausa. Masu magana da yawa ba sa rarrabe jinsi, don haka a ji yarinya ya zo maimakon yarinya ta zo. Baƙaƙe masu ƙugiya sukan koma na fili, ɗaya ta zama daya. Akwai kuma aro daga Ingilishi da Tuwi da Ga, kamar yadda su ma suka ari kalmomin abinci daga Hausa: wace, abincin da ya shahara a Gana, daga wake ya samo suna, haka tuwon zafi da ƙosai.

Makarantun Gana ba su cika koyar da rubutun Hausa ba, saboda haka ɗan zango yana rubuta ta da ƙa'idar Ingilishi, yadda kunnensa ya ji. Wannan ne karon farko da talakawa masu yawa suke rubuta Gananci da hannunsu. Da WhatsApp ta shigo da saƙon murya a 2013, waɗanda ba su yi boko ba, da mata da dattawan da ba sa zama a bes, su ma suka sami shiga.

7.0 Kammalawa

An ga yadda raha ta bi ɗan zango daga zaure zuwa waya, tana yin aiki iri ɗaya: kawo labari, da sassauta maganar da ke iya raba mutane. Amma wasan barkwanci yana da sharuɗɗa biyu waɗanda waya ta raunana. A benci kowa ya san abokin wasansa, kuma akwai babba da zai ce ya isa. Sannan magana takan tsaya inda aka yi ta. A waya, ana iya ɗaukar hoton saƙo a tura wa wanda bai san wasan ba, kuma dokokin Gana na 1960 da 2008 kan yaɗa labarin ƙarya suna nan, an kuma kama mutane da su. Bugu da ƙari, ana zargin jam'iyyu da ɗibar 'yan bangar siyasa daga irin waɗannan majalisu, matsalar da ta kai ga dokar hana banga ta 2019.

Ana shawartar ɗalibi, idan ya sami irin wannan hira don nazari, ya nemi izinin masu ita, ya ɓoye sunayensu, sannan ya tambayi abu uku: wa yake tsokanar wa, wace dangantaka ce ta ba shi wannan dama, kuma wace magana ce ta gaske aka naɗe cikin dariyar.