Asibitin Sadaka Da Rigimar Kuɗin Gyara Bayan Guguwar Katrina

Edita ya nemi in kawo wani abu na tarihi a wannan fitowa, ni kuwa na zaɓi labarin da 'yan ajinmu suka san farkonsa, amma ƙila ba su bi ƙarshensa ba. Za ku tuna da muka dawo dogon hutu a 2005, malaminmu na labarin ƙasa ya zana mana bakin tekun Amurka a allo, ya nuna inda guguwar Katrina ta sauka ran 29 ga Agusta. Katangun da ke tare ruwa suka fashe, kimanin kashi 80 cikin ɗari na birnin New Orleans ya nutse. Mu dai nan muka tsaya. Sai da na fara aikin gwamnati, fayil ya zama abincina, sa'an nan na koma na bi sawun yadda jami'o'i da asibitocin birnin suka yi fafutukar samun kuɗin gyara.

Dokar da ake kira Stafford, ta 1988, ita ce ta ɗora wa hukumar agajin gaggawa ta tarayyar Amurka, watau FEMA, biyan aƙalla kashi 75 cikin ɗari na gyaran gine-ginen jama'a, har da makarantu da asibitocin da ba na neman riba ba. Amma fa ba a buhu ake kawo kuɗin ba. Kowane gini da takardarsa. Sai ka nuna yadda yake kafin bala'in, ka nuna ɓarnar da aka yi, ka kawo rasit, kuma duk abin da inshora ya biya sai a cire shi. Wannan ya sa jami'o'i da asibitoci suka riƙa ɗaukar injiniyoyi da akantoci da lauyoyi musamman domin wannan aiki, wasu shekara da shekaru.

Jami'ar Tulane ta rufe zango guda cur, ta yi asarar fiye da dala miliyan 650, ta kuma sallami malamai sama da 200 kafin ta sake buɗewa a Janairun 2006. Jami'ar Dillard, wadda ta baƙaƙen fata ce kuma ba ta da ƙarfin aljihu irin na Tulane, a otal ɗin Hilton ta tara ɗalibanta, nan kwana nan darasi. Ita da wasu 'yan'uwanta uku bashi suka ci daga gwamnatin tarayya, bashin da bai sauka daga wuyansu ba sai a 2018 da majalisa ta yafe shi.

Inda aka yi ta ta ƙare shi ne Asibitin Charity, watau Asibitin Sadaka. An kafa shi a 1736 da dukiyar da wani Bafaranshe ma'aikacin jirgin ruwa, Jean Louis, ya bari wasiyya domin jinyar matalauta. Ginin da guguwar ta tarar na 1939 ne, hawa 20, kuma nan ne matattarar duk wanda ba shi da kuɗin magani, nan ne kuma ɗaliban likitanci suke koyon aiki. Ruwa ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, wuta ta ɗauke, majiyyata da ma'aikata suka yi kwanaki a ciki kafin a kwashe su. Bayan haka sojoji da likitoci suka share hawan ƙasa, da yawa suna ganin za a iya komawa aiki, amma gwamnatin jihar Louisiana ta ce asibitin ya tashi daga aiki.

To, ga inda gizo ke saƙar. A ƙa'idar FEMA, idan kuɗin gyara ya wuce rabin kuɗin gina sabo, sai a biya kuɗin sabon gini. In bai kai ba, kuɗin gyara kaɗai za a bayar. Ke nan jihar tana da dalilin ganin ɓarnar da girma, hukumar kuma tana da dalilin ganinta ƙarama. Ƙiyasin farko na FEMA bai kai dala miliyan 25 ba, daga baya ta hau zuwa miliyan 150, jihar kuwa ta tsaya a kan miliyan 492. Hujjar FEMA ita ce yawancin lalacewar tsufa ne da rashin kula tun kafin Katrina, da kuma sakaci bayanta. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tantance ɓarnar iska ya san wannan gardama: shin iska ce ta yaye kwanon, ko tun bara gara ta cinye katakon? Ni kaina na taɓa rasa amsa a gaban mai binciken kuɗi, domin babu hoto ko takardar da ta nuna yadda rufin yake kafin damina.

Aka shekara huɗu ana kai gwauro ana kai mari, har Sanata Mary Landrieu ta sa aka shigar da wani sashe a dokar 2009 wanda ya ba da damar kai irin wannan saɓani gaban alƙalai masu raba gardama. A Janairun 2010 suka yanke wa jihar dala miliyan 474.7. A ganina jihar ta yi nasara a takarda, amma talakan da ya saba zuwa Charity shi ya biya kuɗin jiran, domin duk tsawon lokacin a wani ƙaramin asibitin wucin gadi ake lallaɓawa.

Sabon asibitin koyarwa da ya maye gurbinsa, wanda ya ci kimanin dala biliyan 1.1, an buɗe shi a Agustan 2015, shekara goma cif bayan guguwar. Tsohon ginin kuwa, tun ranar da aka fitar da majiyyaci na ƙarshe a 2005 ba a sake kwantar da kowa a cikinsa ba.