Turken da ake auna ƙasa daga gare shi

Kun san in za a auna gona, sai an ce daga ina za a fara: daga tsamiyar nan, ko daga bakin rijiya. To, ƙasa ma haka take. Masu yin taswira suna zaɓen wuri guda su kafa alama ta siminti. Shi ne turkensu. Daga nan suke lissafin kowane gari da lamba biyu: nisansa arewa ko kudu, da nisansa gabas ko yamma.

A 1884 ƙasashe suka taru a Washinton, suka yarda layin gabas da yamma ya fara daga Girinic, cikin Ingila. Amma wannan bai isa ba, don duniya ba ta mulmule sarai ba. Ta ɗan baje a tsakiya kamar kabewa. Wani Bature mai suna Kilak ya lissafa girmanta a 1880, kuma da lissafinsa aka daɗe ana aiki a Afirka.

Tsakanin 1966 da 1970 ma'auna suka bi hanya mai tsawo daga Senegal har Cadi, suna awo zango zango, suka haɗa da awon Sudan. Turken da aka ɗora lissafin a kansa, ana ce masa Wuri na 58. Yana jihar Doso, kusa da iyakar Najeriya. Najeriya kuwa nata turken yana kusa da Minna. Kun ga maƙwabta biyu, turke biyu.

Yau wayar salula tana karɓar lamba daga tauraron ɗan Adam, bisa tsarin WGS 84 na 1984. Shi turkensa tsakiyar duniya ne. Saboda haka rijiya guda tana iya samun lamba iri biyu, ta tsohon awo da ta waya, tazararsu ta fi mita 100. Rijiyar ba ta gusa ba, turken ne ya sake. Mita 100 kuwa a gona ba wasa ba ce, ta isa ta raba zumunci.

In an rubuta muku lambar fili a takarda, ku tambayi ma'auni da wane tsari ya auna, ya rubuta shi nan kusa da lambar. Alamar siminti kuma in kun tarar da ita a gona, ku bar ta inda take, ku yi noma ku kewaye ta.