Tarihin Mako: Daga Sudan Zuwa Jami'ar Bayero



A nan Tsanyawa, da an ce wani ya tafi karatu waje sai hankalinmu ya tafi Ingila ko Indiya. Amma ƙofar da ta haɗa karatun zamani na Kano da ƙasashen waje tun farko gabas take kallo.

A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, aka ɗauko mata malamai daga Sudan. A 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Da tafiya ta yi tafiya, sai ɗalibanta suka fara bin sawun malamansu: a 1954 aka tura wasu kwalejin Bakht er-Ruda ta Sudan, cikinsu har da Malam Abubakar Gumi, wanda daga baya ya zama Babban Alƙalin Alƙalan Arewa.

A harabar wannan makaranta aka kafa Kwalejin Ahmadu Bello a 1960. Ita ce ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Ashe tun kafin jami'ar ta samu sunanta, hulɗa da waje na cikin jininta.

Waɗancan mutane sun je sun dawo, sun koyar, sun yi alƙalanci. Tafiyarsu ta amfani gida.

A garuruwanmu ma akwai dattawan da suka yi karatu a Sudan, Masar ko Madina. Mu je mu zauna da su, mu rubuta abin da suka gani tun suna raye.

Allah Ya yi mana jagora.