Mashaya a Matsayin Kan Iyaka: Nazari a Kan Floridita ta Birnin Habana

Gabatarwa

A littafinsa na 1989, masanin zamantakewa Ray Oldenburg ya kira gidajen shayi, mashaya da shagunan aski "wuri na uku", wato inda mutum ke zuwa bayan gida da wurin aiki. A ganinsa, irin waɗannan wurare suna daidaita babba da yaro, domin hira ce jarinsu, kuma 'yan unguwa da ke zuwa kullum su ne ruhinsu. Wannan maƙala za ta gwada ra'ayin a kan Floridita, mashayar koktel kuma gidan cin abinci a tsohon garin Habana na ƙasar Kyuba. Hujjarta ita ce: a birnin da ke rayuwa da kuɗin baƙi, irin wannan gida ba ya daidaita kowa, kan iyaka ne tsakanin aljihun na waje da gumin na gida. Haramcin barasa a wurin Musulmi ba abin muhawara ba ne a nan. Abin dubawa shi ne yadda dukiya da iko ke bayyana a kan teburi.

Abin da ke cikin kofin

An buɗe gidan a 1817 da sunan La Piña de Plata, a mahaɗar titunan Obispo da Monserrate. Abin da ya fito da sunansa shi ne daikiri: barasar rake da ake kira rum, ruwan lemon tsami, sukari da ƙanƙara. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da tarihi mai nauyi. Rake shi ne ƙashin bayan arzikin Kyuba a ƙarni na 19, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka nome shi har zuwa 1886 da aka soke bauta a tsibirin. Ƙanƙara kuwa, kafin zuwan injin sanyi, daga tafkunan arewa maso gabashin Amurka ake sassaro ta, ɗan kasuwar Boston Frederic Tudor ya riƙa lodinta a jirgin ruwa zuwa Habana. Haɗin kansa ana danganta shi da Jennings Cox, injiniyan haƙar ma'adinai Ba'amurke da ya yi aiki kusa da birnin Santiago na Kyuba a ƙarshen ƙarnin. Ke nan tun kafin baƙo ya zauna, kofin ya riga ya haɗa ƙarfin ɗan Afirka, ƙasar Kyuba da jarin Amurka.

Dokar wata ƙasa, cinikin wata

Constantino Ribalaigua Vert, ɗan ci-rani daga yankin Kataloniya na Sifaniya, ya fara aiki a gidan a 1914, ya mallake shi a 1918. Bayan shekara biyu, Amurka ta haramta sarrafawa da sayar da barasa, dokar da ta yi aiki daga 1920 zuwa 1933. Tsakanin Florida da gaɓar Kyuba kusan kilomita 150 ne, don haka masu hannu da shuni suka riƙa tsallakowa ta ruwa, daga baya kuma ta jirgin saman Pan American da ya fara zirga-zirga daga Key West ta Florida a 1927. Dokar ba ta kashe ƙishirwa ba, ta dai sauya mata adireshi, ta kuma tace masu ita: talaka ya tsaya gida da haramtacciyar giyar lungu, mai kuɗi ya sha tasa a fili cikin kwat da laktaye.

A wannan zamani ne Constantino ya inganta daikiri mai niƙaƙƙiyar ƙanƙara, yana kaɗa ta da injin lantarki har ta yi laushi, a zuba a kofi mai dogon wuya kafin zafin Habana ya narkar da ita. Aiki ne na ido da ma'auni: lemon ya yi yawa ya ɓata, ƙanƙara ta daɗe ta koma ruwa.

Wa aka yi wa mutum-mutumi?

Marubuci Ernest Hemingway ya fara zuwa gidan a shekarun 1930, lokacin da yake sauka a otal ɗin Ambos Mundos a kan titin Obispo. Ya nemi nasa ba sukari, a ninka rum, aka laƙaba wa haɗin Papa Doble. Constantino ya rasu a 1952, Hemingway ya bar Kyuba a 1960. A 2003 aka girka mutum-mutumin tagulla na marubucin, aikin José Villa Soberón, jingine da gwiwar hannu a ƙuryar kantar. Baƙi suna layi su dafa kafaɗarsa a ɗauke su hoto, ma'aikata sanye da jajayen kwat suna ta jera kofuna, makaɗa na kiɗa a bakin ƙofa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: wanda ya yi shekaru fiye da talatin a tsaye bayan kanta bai kai wanda ya zauna a gabanta shahara ba. Wannan zaɓi ya nuna abin da gidan ke sayarwa a yau. Ba gwaninta kaɗai ba ce, damar cewa "na zauna inda wane ya zauna" ce.

Juyin juya halin Kyuba na 1959 ya mayar da irin waɗannan gidaje hannun gwamnati, amma bai rushe iyakar ba. Da Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991, Kyuba ta koma neman kuɗin waje ta hanyar yawon buɗe ido, ta halatta riƙe dala a 1993. A ɗakin cin abinci na ciki ana kawo kifi da manyan jatan landen teku, kayan da gwamnati ke keɓewa don fitarwa waje da ciyar da baƙi. Kuɗin kofi ɗaya kuwa ya kai ladan kwanaki da dama na ma'aikacin gwamnati. Ba sai an sa mai gadi ba. Farashi ya isa.

Wani hanzari

Za a iya cewa wannan hukunci ya yi tsauri. Sana'ar ta ba 'yan ƙasa mutunci da tsari, har suka kafa ƙungiyar masu haɗa abin sha ta Kyuba a 1924, kuma kuɗin baƙi na cikin abin da ya taimaka wajen gyara tsohon garin, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi a 1982. Duk gaskiya ne. Sai dai amfana da wuri daban, mallakar zama a cikinsa daban. Inda tukuicin dare ɗaya kan zarce abin da malamin makaranta ke samu a kwanaki, gidan ya zama ma'aunin giɓi, ba maganinsa ba.

Kammalawa

Ra'ayin Oldenburg ya dace da wuraren da mai sayarwa da mai saye ke cin kasuwa ɗaya, suke karɓar albashi da kuɗi iri ɗaya. Da zarar wannan sharaɗi ya faɗi, sai a sake tambaya. Mai nazarin irin waɗannan gidaje, a kowane birni, ya kamata ya fara da abu uku: daga ina kayan suka zo, da wane kuɗi ake biya, kuma ko ma'aikacin zai iya dawowa ranar hutunsa ya zauna a matsayin baƙo. A Floridita, amsar ta uku ce ke yanke hukunci.